Geron Kyauta da Bokiti na Bakwai

Ranar da malaminmu ya nuna hoton ɗan buhun algarara a aji, ya ce da irinsa ake yaƙar tsutsar gero ba tare da feshi ba, wani daga baya ya ce, "Wannan ai ko ƙanwata za ta yi. A zuba gero a buhu, a ɗaure, a rataye." Aka yi dariya. Wani ya ƙara da cewa idan ya gama makaranta ya rasa aiki, sana'ar da zai kama ke nan, tunda ba ta bukatar komai sai allura da zare. Ina zaune a layi na biyu ban ce uffan ba, don ban iya magana a cikin taro ba. Amma shekara goma sha ɗaya na yi ina ɗinka wannan buhu a Jibiya kafin in zo in zauna aji ɗaya da ku, kuma maganar ta ƙi barin raina. Shi ya sa na rubuta muku wannan.

Bari in fara da abin da ke cikin buhun, tunda hoton bai nuna ba. Akwai tsutsar da ke shiga zangarniyar gero lokacin da ya fitar da kai, ta bi ta tana ci tana zagayawa, ta bar layi a murɗe kamar an naɗa igiya. Mutanenmu na bakin iyaka suna kiranta murzuna. Tana da abokin gaba, wani ɗan ƙwaro dangin zanzaro wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba. Macen takan harbi tsutsar ta sandare, ta yi ƙwai a jikinta, 'ya'yan su cinye ta. Mu mayaƙa muke ce musu. Akwai su a daji, amma ba sa yawa sai murzuna ta gama ɓarna. Aikinmu shi ne mu kai su gona da wuri. A kowane buhu akwai gero da garinsa, da tsutsotsi masu rai, da mata biyu na mayaƙan. A rataye shi a jinkar rumbu, bayan kwana takwas 'ya'ya su fara fitowa ta ƙofofin saƙar algarara su bazu cikin gonaki.

Ɗinka buhun aikin yini ɗaya ne. Sana'ar ita ce sauran wata tara, lokacin da babu gero a gona, babu murzuna, amma dole mayaƙan su ci, su hayayyafa, su kai damina da rai. Don haka kana kiwo biyu ne a ɗaki ɗaya. Kana kiwon tsutsar hatsi, wadda ake gani ta yi saƙa a tsohon buhu, don ita ce abincinsu na rani. Kana kuma kiwon su kansu mayaƙan a kwalabe. Idan ɗaya ya mutu, ɗayan ya bi shi.

Aikin da aka fara ba ni shi ne zuba ruwa a gwangwanin madara. Wanda ya koya mini sana'ar kawuna ne, Kawu Isuhu, yayan mahaifiyata. Mutumin ƙetare ne, daga wajen Maraɗi, a can ya koyo aikin wurin masu binciken noma kafin ya dawo Jibiya da zama. Na gama sakandare ina zaune a gida ina karance-karance, ya zo ya ce wa mahaifiyata ta ba shi "ɗan lakwal ɗin nan da ba ya magana," wai mai surutu ba ya iya aikinsa. Lakwal ita ce makarantar boko a bakin mutanen ƙetare. Sunana Sanusi, amma daga ranar ban ƙara jin sa a bakinsa ba. Ɗakin kiwon yana bayan gidansa, da tebura biyu, kowace ƙafar tebur a tsaye cikin gwangwani mai ruwa saboda kiyashi. Wata uku ina cika gwangwani takwas safe da yamma. Wata rana na bar tsinken tsintsiya ɗaya ya gitta daga ƙasa zuwa bakin gwangwani. Kafin azahar kiyashi sun bi ta kansa sun hau, sun kwashe tsutsar bokiti guda. Kawu bai yi faɗa ba. Ya ɗauki tsinken ya miƙo mini, ya ce, "Ajiye shi, gadarka ce. Kai ka gina."

Kayan aikin ba su da kyan gani. Bokitan roba bakwai, kowanne an rufe bakinsa da farin ƙyalle mai shara-shara an ɗaure da robar taya. Rariya biyu. Gashin kaza na ɗaukar tsutsa, don yatsa yana murƙushe ta. Auduga da zuma, abincin manyan mayaƙan. Sai ɗan tiyo irin na ƙarin ruwa, an toshe tsakiyarsa da ƙyalle, da shi ake zuƙo ƙwaro daga kwalba a mayar wata. Sai da na haɗiye uku kafin in iya. Bambance mace da namiji ya ɗauke ni damina guda: macen tana da wani ɗan tsinke a bayanta, siririn da sai ka juya kwalbar wajen haske za ka gan shi. Idan ka saka maza biyu a buhu, ka sayar wa manomi da gero da zare ne kawai. Ni na ƙaro abu ɗaya a ɗakin, wato manna takarda a jikin kowane bokiti da ranar da aka zuba masa abinci da ranar da za a sake. Kawu ya daɗe yana yi mini dariya a kai. Shi da hanci yake sanin bokitin da ya isa.

Sayen gero shi ne abin da ya sa 'yan kasuwar hatsi suka ɗauke mu masu taɓin hankali. Kowa yana neman mai tsabta, mu muna bin layi muna tura hannu cikin buhu muna neman wanda ƙwaro ke yawo a ciki. Dalili kuwa, a kasuwar da hatsi ke kwana wata da watanni yana jiran mota, kusan kowa yana barbaɗa masa hodar ajiya, kuma ba mai gaya maka. Geron da ƙwaro ke raye a cikinsa shi ne shaidar cewa babu guba. Mu kawo shi gida, mu shanya a kan kwano cikin rana tsaka har ƙwarin su mutu, mu tankaɗe, sannan a kai niƙa, a injin da muka tsaya aka share a gabanmu. Akwai wani mai awo da in ya hango mu sai ya ɗaga murya ya ce, "Ga masu sayen asara sun iso, a fito musu da na ƙasa."

Rataya kuma ba a yin ta gona ɗaya. Mayaƙi bai san iyakar gonar wani ba, don haka gari ake yi wa aiki, buhu goma sha biyar: uku a tsakiya, uku-uku a gabas da yamma da kudu da arewa. Kafin nan sai an zauna da dattawa an yi alkawarin ba mai feshi har sati uku, don feshin mutum ɗaya yana kashe abin da aka rataya wa kowa. Garuruwa tara muke yi wa aiki, a yankin Daddara da Gangara. Wanda ya fi riƙe alkawari a cikinsu wani ƙauye ne a bayan Gangara, saboda mai unguwarsu, Baba Tukur. Dattijo ne dogo mai son a yi abu a gabansa. Shi da kansa yake hawa ya ɗaura buhun farko, kuma yana kiran mayaƙan "baƙina."

Shekarar da ta kusa kashe sana'ar ita ce ta doguwar rufe iyaka, wadda ta haura shekara. A da, idan iri ya yi rauni, Kawu yakan hau mota ya je Maraɗi da safe ya dawo da kwalba biyu kafin la'asar. Da aka rufe, abin da ke ɗakinmu ya zama shi ke nan a duk inda muka sani a wannan ɓangaren. Mun san haka, muna ta lallaɓa shi. Zafin bazara ya zo, muna jiƙa algarara muna lulluɓe tebura sau huɗu a yini, har muka ga sun tsallake mafi munin zafin.

Ana cikin haka, wata safiya, Baba Tukur ya iso a bayan babur da buhu guda na gero. Daminar da ta wuce gonakinsu sun tsira, na maƙwabtansu da suka ƙi shiga shirin kuwa, murzuna ta yi musu ɓarna. A al'adarsu duk wanda ya taya ka aiki a gona yana da rabo a abin da aka girbe. Sun zauna sun ga an ba mai huɗa, an ba masu yanka, an ba mu, amma ba a ba waɗanda suka yi ainihin aikin ba. Shi ne kowane gida ya kawo tiya ɗaya.

"Isuhu," in ji shi, "wanga ba naka ba ne, kak ka kai shi ɗakin girki. Na baƙina ne. Su munka kawo ma."

Kawu ya yi ta godiya. Aka kwance bakin buhu. Ban taɓa ganin gero mai kyan wannan ba, ƙwaya cike, babu tsakuwa, babu ƙaiƙayi. Na tura hannu har gwiwar hannu na ɗebo daga ƙasa. Babu ƙwaro ko ɗaya, babu saƙa, alhali wata bakwai ke nan da girbi. Na sunsuna, ban ji komai ba sai wani ɗan ɗaci da ban tabbata ba. Na ja Kawu gefe, bakin ƙofa.

"Kawu, geron nan ya cika tsabta."

"To, laifi ne?"

"Babu ƙwaro ko ɗaya. Ko a tambaye shi in an sa wani abu."

Ya dube ni kamar na zagi wani. "Ɗan lakwal, dattijo ya taso tun da safe da kyautar gari guda, ni in ce mashi ko ka sa guba ciki? Kai je ka tambaye shi, ga shi nan zaune."

Na juya na dubi Baba Tukur a kan tabarma yana shan ruwa, yana murmushi. Taku biyar ne tsakaninmu. Ban iya ba. Na tsaya ina murza ƙwayar gero a hannu har Kawu ya ce in kai niƙa, don baƙo yana so ya ga an ci a gabansa kafin ya koma.

Na dawo da gari, muka fara zubawa, Baba Tukur yana tsaye a kanmu yana leƙa kowane bokiti yana cewa, "Ku ci, gumin ku ne." Na zuba wa shida. Da na zo na bakwai, takardar jikinsa ta nuna saura kwana huɗu a sake masa abinci. Na mayar da ƙyallen na ɗaure.

"Wancan fa?" in ji Baba Tukur.

"Lokacinsa bai yi ba, Baba."

"Yaro da takardunai," in ji Kawu, yana dariya. "Zuba mashi, kar ya yi fushi."

Na yi kamar ban ji ba, na ɗauki bokitin na kai ɗaya teburin. Wannan ne iyakar ƙarfin halin da na iya yi a ranar, kuma ba na alfahari da shi. Tambayar da ta kamata in yi kalma huɗu ce.

Kwana biyu bayan haka na buɗe bokiti na farko na ga tsutsa ta fito saman gari ta miƙe. Lafiyayyar tsutsa tana ɓuya, tana motsi in ka taɓa ta da gashin kaza. Waɗannan sun yi laushi, wasu sun fara baƙi. Na biyu haka, har na shida. Abin da ya fi muni, a jajibirin ranar babu wanda ya san komai, don haka da yamma mun riga mun ɗebi tsutsa daga waɗannan bokitai, da garin a jikinta, mun saka wa mayaƙa a kwalabe. Kwalba goma sha biyu, duk sun zube a ƙasa ƙafa sama. Saura guda ɗaya da ba a kai gare ta ba saboda tsutsar da muka ɗebo ta ƙare. Na kai ta wajen haske na ƙirga sau uku. Goma sha ɗaya ne, bakwai mata.

Kawu ya zauna a bakin ƙofa har aka kira azahar. Sannan ya tashi ya je ya nemo wani mai babur cikin masu bin hanyar daji, ya aika shi wurin abokin aikinsa na Maraɗi. Ya yi masa bayani dalla-dalla: a naɗe kwalbar da jiƙaƙƙen tsumma, a rataye ta a ƙirji. Bayan kwana uku mutumin ya dawo da kwalba a cushe tsakanin jarkokin fetur, don a ganinsa nan ne ba za ta fashe ba. Ba ta fashe ba. Ko ɗaya bai iso da rai ba. "Ai ga su nan duka, ban zubar da ko guda ba," in ji shi.

Daga nan aka koma kan bokiti na bakwai da mata bakwai, ga shi saura wata biyu da 'yan kwanaki gero ya fitar da kai. Ku da kuka ce allura da zare, ga lissafin da na kwana da shi na tashi da shi. Kowace tsutsa da na ba mayaƙa, na rasa uwar da za ta yi ƙwai ta cika sabon bokiti. Kowace da na hana su, mayaƙan suna tsufa, kuma ba sa wuce sati biyu zuwa uku. Sai na riƙa ba su biyar-biyar, ina zaɓen waɗanda suka fi girma, ina barin sauran su zama malam-buɗe-littafi su yi ƙwai. Muka ƙone garin nan, muka jefar da bokitai shida da rariya biyu, don roba tana riƙe guba. Na wanke tebura da toka sau uku. Kawu ya daina taɓa komai sai ya tambaye ni abin da takarda ta ce.

Sai da aka yi sati biyu na hau babur na je wurin Baba Tukur, ni kaɗai. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran igiyar shanu. Muka gaisa, muka sake gaisawa, na rasa ta inda zan fara, har ya ce, "Malam Sanusi, ba gaisuwa ta kawo ka ba. Yaya baƙina?"

"Sun mutu, Baba. Saura kaɗan." Na sunkuyar da kai. "Geron nan, an sa masa magani?"

Ya ajiye igiyar. "An sa. Ni na sa anka sawo hoda, mai tsadar ma. Tun kaka munka tara shi, na ce ba ni kai ma mutane kyauta da ƙwari ciki, abin kunya. Da za mu taho na sa mata sunka sheƙe shi sau biyu." Ya juyo ya dube ni. "Kai ka lura tun rannan?"

"Na yi zato."

"Mi ya hana ka tambaya?"

"Nauyi, Baba."

"Nauyi," in ji shi. "To ga shi ka ɗauko wanda ya fi shi."

Lokacin da gero ya fara fitar da kai, abin da muka iya haɗawa buhu goma sha biyar ne cif, na gari ɗaya. Kawu ya bi sauran garuruwa takwas da ƙafarsa ya gaya musu gaskiya, bana babu. Buhunan muka kai ƙauyen Baba Tukur, ba don kyautarsa ba, sai don nan ne kaɗai muka tabbata ba mai feshi, kuma muna bukatar mu tsinto sandararrun tsutsotsi daga gonakinsu mu ƙara iri.

A nan ne abin da har yau nake jin zafinsa ya faru. Wani mutum a kasuwa, wanda ya sha ganin muna loda buhuna a babur, ya yi irin tunanin da kuka yi a aji. Ya yanka algarara, ya ɗinka daidai girman namu, ya zuba tsohon gero mai saƙa, ya baza a tabarma ranar kasuwa yana cewa irin na Isuhu ne. Buhu a ɗinke yake, ba mai iya ganin cikinsa, in ka buɗe kuma ka lalata. Mutanen garuruwan nan takwas suka saya, suka rataya yadda muka koya musu, uku a tsakiya, uku a kowace kusurwa. Suka riƙe alkawari, ba su yi feshi ba. Suka zauna suna jiran mayaƙan da ba a taɓa sakawa ba, murzuna tana cin geronsu a gabansu. Na je wata gona a yankin Daddara na murza zangarniya, ƙaiƙayi ya zubo mini a hannu. Mai gonar bai zage ni ba. Ya ce kawai, "Da ma an ce ƙarya ce, mu ne ba mu ji ba."

Muka kai kuka wurin wata jami'ar gona da ke zagaya yankin, Madam Rifkatu, mutuniyar kudancin Kaduna da ta daɗe a Jibiya har Hausarta ta koma irin tamu. Ta saurare mu, ta fito da takardun da ake cikawa na rajistar maganin ƙwari ta shimfiɗa a tebur.

"Baba Isuhu, duba da kanka. Ga gurbin na ruwa, ga na gari, ga na ƙwaya. Naka a wanne zan sa? Maganin da ke da ƙafafu yana tashi sama?"

"To shi wancan a bar shi ya ci gaba, Madam?"

"Ban ce ba. Amma in na ce nasa na bogi ne, zai ce in nuna inda aka rubuta yadda na gaske yake. A takardun da ke hannuna, babu." Ta juyo gare ni. "Ƙanena, kai da ba ka magana, in na ba ka buhu biyu, ta yaya za ka gane?"

Na ce sai dai a jira. A saka kowanne a babbar kwalba, a rufe da ƙyalle, a ba shi kwana goma.

Haka ta yi. Ta aika aka sayo ɗaya daga tabarmar mutumin, muka ciro ɗaya daga rumbun Baba Tukur da izininsa, ta sa dattawa biyu suka ɗaure bakin kwalaben da hannunsu, aka ajiye a shagon wani mai awo inda kowa ke wucewa. Ranar kasuwa ta biyu kwalba ɗaya ta cika da 'yan ƙwari suna yawo a jikin gilashi. Ɗayar babu komai sai gero. Mutumin bai sake baza tabarma ba, amma ba abin da aka yi masa, na ji yanzu maganin ɓera yake sayarwa. Gero kuwa ya riga ya tafi. Daga cikin garuruwa takwas, huɗu sun dawo mana a hankali. Huɗu har yau feshi suke yi, kuma in na bi ta wurinsu da buhuna a babur, yara suna kirana mai maganin iska.

Tun daga shekarar, duk garin da muka kai wa buhu goma sha biyar, muna ƙara na sha shida a kwalba, a ajiye wurin mai unguwa, kowa ya gani da idonsa ranar da suka fito. Ba wata hukuma da ta sa mu. Da akwai dokar da ta tilasta wa duk mai sayarwa yin haka, da mutanen Daddara ba su yi asarar shekara ba. Wannan ne ma ya sa na nemi makaranta da girmana, ina so in san yadda ake rubuta irin wannan doka, da wanda ake kai wa.

Bazarar da ta biyo baya, Baba Tukur ya sake isowa a bayan babur da buhu. Ya sa aka sauke a tsakar gida, ya kwance bakin da kansa. Ƙwari suka watse a kan tabarma, saƙa ta haɗe geron dunƙule-dunƙule, wari ya tashi.

"Gida-gida na bi," in ji shi. "Na ce kowa ya kawo mafi lalacewa. Matan gari na ta yi mani dariya. Malam Sanusi, matso. Tambaye ni."

Na dubi Kawu. Kawu ya dubi ƙasa.

"Baba, an sa masa magani?"

"Ba a sa ba. Ga shi ka tambaya, ka mutu?"

Na yi godiya. Sannan na kawo ɗan kofi, na ɗebi geron na daka, na saka tsutsa goma da gashin kaza, na rufe da ƙyalle, na manna takarda na rubuta ranar.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Gwaji ne, Baba. Kwana uku. In sun rayu, sai a zuba wa sauran."

"Ga ƙwari na yawo kana gani, ga bakina ka ji. Har wanga ma?"

"Har wannan ma, Baba."

Baba Tukur ya juya wurin Kawu ya ce, "Isuhu, bara da wanga yaro ya yi mani rashin kunyar nan, da mun huta."

Yanzu idon Kawu ya yi rauni, ba ya bambance mace da namiji ko a rana tsaka, ɗiyarsa ce ke riƙe ɗakin in ina makaranta, ni kuma ina komawa duk hutu. Duk mayaƙin da ke cikin kwalabenmu yau jikan matan nan bakwai ne. Wanda ya ce ƙanwarsa za ta iya, ban musa ba, wataƙila ta fi shi haƙuri. Amma shi ina gayyatarsa Jibiya hutun bazara. Ba zan ba shi allura ba. Gwangwani takwas zan ba shi da buta, in ya kai wata uku kiyashi ba su hau tebur ba, sai mu yi maganar buhu.